Shamuwar Almustafa, Kyanwoyin Raishatu

Gangara, 11 ga Yuni

Zuwa ga Malama Raishatu, a gidan surukinta, Belbeji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da 'yarki Radiya da abin da aka samu. Na ji sai da aka yi mata aiki kafin a ciro yaron. Allah ya ba ta lafiya, ya raya shi. Kin san kunnuwana sun daina jin magana ta salula, shi ya sa na ba Lawali direban motar kasuwa wannan takarda ya kawo miki.

Ba barka kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kin rufe gida kin tafi, kin bar kyanwoyinki biyu suna yawo yadda suka ga dama, baƙar nan da muzurun mai yankakken kunne. Tun tafiyarki babu safiyar da ba na tsintar gashin tsuntsu a tsakar gidana. Da suka ci kurciyoyi na yi shiru. Da suka ƙarar da ƙadangarun katanga na yi shiru. Jiya da hantsi kuwa, ina zaune kan tabarma, na ga baƙar da idona ta sauko daga gawo da ɗan shamuwa a baki, ƙafafunsa na reto. Na jefe ta da takalmi, sai ta hau katangarki ta zauna tana ci tana kallona. Wallahi na daɗe raina bai ɓaci haka ba.

Wannan shi ne na uku. Sheƙa shida shamuwa ta yi bana a gawon gidana. Shekara ashirin da biyu ke nan tana sauka a kansa, kuma ina da littafin da nake rubuta ranar zuwanta da yawan 'ya'yanta. Duk garin nan, wanda ke son sanin ko damina ta kusa, wannan icen yake ɗaga kai ya duba. Ko yaro marar jin magana ba ya jifar shamuwa. Farar da take tsincewa a gonaki, har da gonarki, ba kyanwa ke tsince ta ba.

Na kewaye gindin icen da ƙaya, abin bai yi amfani ba. Katangarki suke hawa, su hau soron ɗakin marigayi Gajere, su bi reshen da ya miƙa can.

Ki aiko a ɗauke su, ko ki faɗi wanda zan miƙa wa. Na ba ki mako ɗaya. Darajar mijinki Gajere, wanda muka yi shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya, ita ta sa na rubuto kafin in yi abin da zan yi.

Ki gaishe da mai jego da maigidanta. Ki huta lafiya.

Maƙwabcinki,
Almustafa Amadu
Tsohon ma'aikacin gandun daji

*

Belbeji, ranar Asabar

Malam Almustafa,

Wa alaikumus salam. Ina gida, ina zafi? Mun gode da barka. Mai jego ta fara tashi zaune, jinjiri yana shan nono.

Na karanta takardarka sau biyu, na biyun don in tabbata ba daga biro, ofishinku na gandun daji, ta fito ba. Mako ɗaya! Ni za ka ba wa'adi, kamar ka kama ni da ɗanyen ice a kai? Shekara tara da ka aje aiki, Malam. Kakin ma ya daina shigarka.

Bari in gaya maka aikin da kyanwoyin nan ke yi, tunda kai sama kawai kake kallo. A ɗakin abokinka akwai damin iri bakwai. Ba hatsin ci ba ne, ba na kasuwa ba ne. Geron nan ne da ya yi shekara ashirin yana bin gona yana zaɓa, zangarniya-zangarniya, wanda ke nuna cikin kwana saba'in ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Ka ci tuwonsa shekarar da gonakin mutane suka ƙone, har ƙari ka nema. Waɗanda ya taɓa ba su irin, duk sun daka nasu sun sha da hatsi ya yi wuya bara. Abin da ke ɗakin nan shi kaɗai ya rage. Ban yi binne, shukar kafin ruwa, ba bana saboda ɓeraye sun yi yawa, suna tone shuka tun kafin ta ga ruwa. Ruwa nake jira. Kafin ya sauka, babu mai tsaron irin nan sai Baƙa da Mai-kunne.

'Ya'yan shamuwa uku, Allah ya sani ban ji daɗi ba. Amma shekara ashirin da biyun da kake ƙirgawa ni ma ina ƙirga su. Shekara ashirin da biyu ina shanya, shamuwarka tana yi mini kashi a zane, in sake wankewa da ruwan da na ɗauko a kaina. Na taɓa rubuto maka takarda?

Maganin abin nan ɗan ƙarami ne. Reshe ɗaya ne ya taɓa soron, kuma babu sheƙa a kansa, na sani. Ka sa a sare shi, hanya ta yanke, kowa ya huta. Amma na san ba za ka yi ba. Ba kai ne ka ƙwace wa amininka gatari ka kai biro ba, don ya sassabo wa awakinsa ganyen gawo, da yamma kuma ka wanke hannu ka zo cin tuwonsa? Shi dariya ya yi. Ni ban yi ba.

Kada ka taɓa mini kyanwa. Na faɗa maka da bakina, ga shi kuma a rubuce tunda rubutu kake so. Karatun yaƙi da jahilci bai tafi banza ba.

A gaishe da mutanen unguwa. Sai mun dawo bayan arba'in, in Allah ya yarda.

Raishatu

*

Gangara, 19 ga Yuni

Malama Raishatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin Radiya da sauƙi.

Gawo ice ne da doka ta hana sara. Ba zan yi shekara talatin da ɗaya ina hana mutane ba, daga Tanut har Gure, in zo da furfura in ɗora masa gatari saboda kyanwa. Maganar kakina kuma ba ta cikin abin da muke magana.

Wa'adi ya cika jiya. Cikin makon nan sun ƙara cin biyu, sheƙa ɗaya kuma iyayen sun watsar da ita gaba ɗaya. Wasu a majalisa sun ce in sa guba a nama. Na ce musu ni Musulmi ne, ba zan je lahira da alhakin ran kyanwa ba. Abin da muka taras iyayenmu na yi na yi: wanda kyanwa ta dame shi, sai ya sa ta a buhu ya kai ta nesa. Sai dai ni ban yar da su a daji ba, na aiko wa mai su. Buhun da Lawali zai miƙa miki tare da wannan takarda, su ne a ciki. Da busasshen kifi na kama su, ban dake su ba, kuma na huhhuda buhun don su sha iska.

Batun iri, ki kwantar da hankalinki. Na bi ta ƙaramar ƙofar da Gajere ya buɗe tsakanin gidajenmu, na ɗana tarko huɗu a bakin ɗakin. Na ɗauki nauyinsa a wuyana.

Ki huta lafiya.

Almustafa Amadu
Tsohon ma'aikacin gandun daji

*

Belbeji, ranar Lahadi

Malam,

Salamu alaikum. Lafiya muke, in ka damu ka sani.

Allah ya isa tsakanina da buhunka. Ka san abin da ka yi mini? Lawali ya sauke shi a tsakar gida da la'asar, gida cike da mata 'yan barka. Ya ce saƙo ne daga maƙwabcina na Gangara. Buhu na motsi, kowa ya ɗauka kaji ne ka aiko wa mai jego. Har an fara sa maka albarka. Ina can ina juye ruwan wanka, ban kai ga buɗe takardar ba, uwar mijin Radiya ta ce bari ta kwance da kanta ta ga girman kajin. Mai-kunne ya fito ta kan hannunta, ya tsaga mata shi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Baƙa ta faɗa tukunyar kunun kanwa, ta kifar da ita. Mata suka watse suna salati, jinjiri ya tsala ihu, Radiya ta zabura har ɗinkin ya motsa. Ni kuwa ina tsaye gaban surukai, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kyanwoyin sun haura katanga. Kwana uku ina bin lungunan garin da ban sani ba ina kiran su kamar mahaukaciya. Babu su, babu labarinsu. Shekara shida Baƙa na hannuna, tun idonta bai buɗe ba. Ka ce ba ka kashe su ba. To karnukan Belbeji za su ƙarasa maka, kai kuma ka zauna da tsabtataccen hannunka.

Tarko huɗu a bakin ƙofa! Kai a ganinka ɓera sallama yake yi ya shigo ta ƙofa? Ta ƙarƙashin bango yake haƙowa. Duk wanda ya taɓa aje hatsi ya san haka.

Da zan iya da yau na hau mota. Ba zan iya ba. Ni ke dafa ruwa, ni ke ɗaga ta, ni ke kwantar da ita, ga uwar mijin da naɗaɗɗen hannu saboda kai. Don haka ga mabuɗin ɗakin nan na ƙulle a cikin takardar. Tun da aka fitar da gawar abokinka ban ba kowa mabuɗin nan ba, kuma ba don ina ganin girmanka yau na ba ka ba. Kai ka kori masu gadi, kai za ka yi gadin.

Ka saurara da kyau. Kullum da safe ka buɗe ka shiga. Ka ɗaga kowane dami, ka kakkaɓe shi, ka duba ƙarƙashinsa da bayansa. In ka ga rami ka toshe da dutse. In abin ya fi ƙarfinka ka kwashe irin ka kai ɗakinka, ka kwana da shi. Ka ce ka ɗauki nauyi a wuyanka. Na riƙe wannan maganar.

Sai na ji daga gare ka.

Raishatu

*

Gangara, 3 ga Yuli

Malama Raishatu,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri ga gidan duka.

Mabuɗi ya iso. Abin da ya sami uwar surukinki ban ji daɗinsa ba, ki ba ta haƙuri a madadina. Amma a san cewa na rubuta a jikin buhun, da manyan baƙaƙe, cewa a buɗe a hankali. Gaskiya ne da Faransanci na rubuta, hannuna ya saba.

Ina duba iri kullum da safe. Dami bakwai suna nan yadda kika jera su, ko ɗaya bai goce ba. Tarko ya kama ɓera uku cikin mako biyu, wanda ke nuna ba su kai yawan da kike tsoro ba, kuma ƙofar da kika raina suna bin ta.

Tun ranar da buhu ya tafi ban rasa ɗan shamuwa ko ɗaya ba. Goma sha ɗaya ne yanzu, gashi ya fara rufe su, manyan har suna miƙewa tsaye a sheƙa suna gwada fiffike. Kurciyoyi sun dawo shan ruwa a kasko. Ban faɗi haka don in tsokane ki ba, na faɗa ne don ki ga abin da na gani tun farko.

Gabas ta fara haɗa hadari da yamma. Ruwa bai yi nisa ba.

Ki huta lafiya.

Almustafa Amadu
Tsohon ma'aikacin gandun daji

*

Gangara, ranar Talata

Salamu alaikum, don sallama haƙƙin Musulmi ce. Ban da ita ba ka da gaisuwa a wurina.

Ina jin tarinka ta bayan katanga. Ba zan zo in tsaya ina ɗaga murya a kunnenka duk unguwa ta ji ba, shi ya sa na jefo maka wannan.

Jiya Lawali ya ce mana an kwana ana ruwa a Gangara. Na bar yarinya saura kwana huɗu ta yi arba'in, na hau bayan mota kan buhunan gishiri, don kada danshi ya wuce ni. Na taras ka rataye mini mabuɗi a ƙaramar ƙofa. Na je in sa shi a kwaɗo, ya ƙi shiga. Zanzaro ya yi gini a bakin kwaɗon, ginin har ya bushe. Sai da na sa tsinke na ƙwaƙule. Kullum da safe, ko, Malam? Kullum da safe!

Na shiga. Dami bakwai suna nan yadda na jera su, ba ka yi ƙarya ba. Gefen da ke kallon taga lafiya lau. Na sunkuya na tattara ƙarfina in ɗaga na farko, sai ya taso mini a hannu ɗaya kamar tsohuwar tabarma. Sun shiga ta baya, ta jikin bango, sun cinye cikin tas. Rami biyar na ƙirga. A cikin dami na huɗu har haihuwa suka yi, na taras da 'ya'yan jajaye suna motsi.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fitar da gawar abokinka. A waccan ranar na san ya bar mini abin da zan riƙa sa wa ƙasa duk shekara in ga ya fito. Damina uku ina shuka shi ni kaɗai, ina zaɓar zangarniya yadda ya koya mini, ban bari ya gauraya ba, ban bari yunwa ta sa na daka shi ba. Kwana ashirin na bar maka.

Yau duk garin yana gona. Tun asuba nake jin amalanke na wucewa, mata na kiran juna. Ni ina zaune da ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Abin da ka ji yana faɗowa tsakar gidanka ɗazu, ragowar damin nan ne. Bakwai cif, ka ƙirga ka rubuta a littafinka. Ka ba shamuwarka ta yi sheƙa da su.

Na aro gatari. Da reshe ɗaya na roƙe ka, ka ƙi. Yanzu ba reshe nake so ba. In ka ga dama ka kira biro su zo su ɗaure ni.

Raishatu

*

Gangara, 14 ga Yuli

Raishatu,

Wa alaikumus salam. Sannu da dawowa.

Ban shiga ba. Ko sau ɗaya ban shiga ba.

Safiyar da mabuɗi ya iso na je da shi har bakin ƙofa. A ɗakin nan aka wanke Gajere, ni na riƙe kansa liman na zuba ruwa. Na leƙa ta taga na ga hularsa a ƙusar da yake rataye ta, na kasa ɗaga hannu. Na ce gobe. Gobe ma haka. Sai na riƙa tsayawa a taga ina ƙirga dami, in ga bakwai, in dawo in ce na duba. Haka muke rahoto a wurin aiki, abin da ido ya gani shi ake rubutawa. Kin gaya mini in ɗaga, na ɗauka fitinar mata ce. Albashi na ci duk rayuwata, ban taɓa aje dami nawa na kaina ba, ban san ana cinye shi ta baya a bar fuskarsa ba. Da na gaya miki na kasa, da kin sa wani. Girman kai ya hana ni. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Amma maganar gatari ki janye ta. Gawon bai yi miki komai ba, 'ya'yan da ke kansa ba su iya tashi ba tukuna. Ni na yi miki. In kin zo za ki same ni zaune a gindinsa, kuma ba zan matsa ba. Wannan ba barazana ba ce, kuma ba zan kira kowa ba.

Abin da kika jefo ban ba shamuwa ba. Na kwance su ɗaya-ɗaya a kan tabarma. Ɓera ba ya cinye zangarniya duka, yana barin ƙwaya nan da can, musamman wajen ɗaurin. Kwana huɗu ina murzawa da hannu, ina tsincewa a faifai da tabarau, ina ware ƙwaya daga kashi da wadda aka gutsura. Na bi ta ƙaramar ƙofa da kin fita ɗiban ruwa, na share ƙasan ɗakin, na tankaɗe ta ita ma. Wannan karon na shiga.

Ƙwaya ashirin na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma tun ranar farko, yadda muke gwada iri a gandun renon itatuwa. Goma sha huɗu sun fasa. Yana da rai.

Yana cikin kwanon da na ɗora kan katanga, na rufe da faifai na danne da dutse. Ba shi da yawa. Shi ne duk abin da na samu.

Ki huta lafiya, in kin iya.

Almustafa

*

Ranar Lahadi

Malam,

Salamu alaikum. Na sauke kwano. Na auna, bai cika tiya ba. Daga dami bakwai.

Zai ishi kusurwar gona ta gabas, in an yi hankali da hannu. Sauran gonar zan sa na kasuwa kamar kowa.

Hadari ya haɗu. In ruwa ya sauka yau, gobe bayan asuba ka same ni a can. Sungumin abokinka yana jingine a ƙaramar ƙofa. Kai za ka yi sara, ni in bi ka da iri. Hannunka zai yi kanta, ka ɗaure shi da tsumma. Kada ka zo da littafi, kada ka yi mini magana.

Ban yafe ba. Gatarin yana ɗakina, ban mayar ba. Sai na ga abin da ya tsiro.

Ka kwana lafiya.

Raishatu